Rasuwar Ƙwayoyin Dizal na Dakta Hamsatu

Cikin alhini mai nauyi da ɗacin rai, Ƙungiyar Matasa Masu Sha'awar Kimiyya ta Nguru da Gashua tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar masu girma, masu ƙwazo, bayin Allah marasa baki, wato ƙwayoyin bakteriyar da Dakta Hamsatu Laminu ta rena a ɗakin bincikenta da ke Gashua. Sun rasu baki ɗayansu ranar Alhamis, cikin zafin bazara.

Marigayan haifaffun lakar tafkin Nguru ne. Dakta Hamsatu ta shafe shekaru tana gyara halittarsu, har suka koyi cin kacala, ciyawar da ta toshe wa masunta da manomanmu hanyoyin ruwa, suna mayar da ita man dizal. Ba su taɓa neman muƙami ba, ba su taɓa yajin aiki ba. Abin da suka samar bai cika kofin shayi ba, amma ya tayar da injin ban-ruwan Malam Gaji, wani manomin shinkafa, wanda ya tsaya yana kallon injin.

Ajalinsu ya zo ranar da aka shirya bikin karrama su. Masu girma shugabannin cibiyar da Dakta Hamsatu take wa aiki sun ga bai dace manyan baƙi su yi gumi ba, sai suka sa aka ɗauke janaretan da ke riƙe da firijin marigayan zuwa zauren taro, domin fanka da lasifika. An yi jawabai masu tsawo kan makomar makamashi. An tafa. Kafin a kai ga jawabin godiya, waɗanda ake karramawa sun riga sun narke.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Dakta Hamsatu, wadda wa'adin bincikenta zai ƙare a wannan damina, da manoman da suka fara sa rai. Allah Ya ba ta juriya, Ya ba ta haƙurin gaisawa da shugabanninta kowace safiya.

Ba za a yi zaman makoki ba. Mai makokin ta hau mota tun jiya zuwa Nguru, da kwalaben ɗiban laka a jakarta.

Sa hannu:
Mus'ab Abdussalam
Kakakin Ƙungiya