Teburin Taga

Injiniya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen ofis. Jiki da sauƙi, haka dai ake cewa. Likita ya ƙara mini wata biyu a gida.

VPN ɗin da ka sa mini don in riƙa shiga kwamfutocin ofis daga gida, na gode, amma rabin aiki ka yi. Ina shiga ma'ajiya ina ɗauko zanen gine-ginena, sai dai sakatariya ta ce kwamfutata ba ta cikin jerin na ofis. Firinta ma ta ƙi sanina, ni da na shekara goma sha ɗaya ina zaro mata takarda in ta shaƙe. Ina ganinku, ba kwa ganina, kuma abin ya fi allura yi mini ciwo. Ka san Manaja, abin da bai gani a allo ba, mantawa yake da shi. Na ji har an fara ajiye jakunkuna a teburina na bakin taga.

Ka gyara, ko in zo in ja maka kunne.

Yayarka ta ofis.

*

Yaya,

Allah ya ƙara sauƙi. Laifina ne, ta ƙofar baƙi na shigo da ke. VPN ɗin yana ba ki lamba daga wani jeri dabam, shi ya sa kwamfutocinmu ba sa jin sallamarki. Yau na haɗa jerin biyu, na maido miki lambarki ta gida, goma sha huɗu. Ki kashe ki kunna, za ki fito a allon kowa da sunan Teburin Taga.

Jakunkunan na kwashe su da kaina. Kunnena yana jiranki.

Ƙaninki, Injiniya.

*

Injiniya,

Sannu da ƙoƙari. Sakatariya ta kira ta ce ta gan ni, kuma firinta ta fitar da zanena. Na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Kullum ƙarfe takwas za ku gan ni, kada wanda ya ce na makara.

Hannu ya gaji. A gaida kowa.

Yayarka.

*

Zuwa ga maigidan Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.

Akwai maganar da na kasa yi maka ranar da muka zo gaisuwa. Yau kwana tara da rasuwarta, amma kullum ƙarfe takwas kwamfutarta tana fitowa a jerinmu. Sakatariya in ta gani sai ta tashi ta fita baranda. Manaja ya ce in cire ta ranar Litinin, don ba a barin ƙofa buɗe ba mai ita. Gaskiyarsa ne. Na dai ce in fara jin ta bakinka.

Na gode. Injiniyan ofis.

*

Malam Injiniya,

Wa alaikumus salam. Mun gode da zuwanku.

Ni ne nake kunnawa. Makonni ukun ƙarshe ba ta iya ɗaga murfin kwamfutar, sai in buɗe in ɗora mata a kan filo. Ba ta aikin komai. Tambayarta ɗaya ce, "Sun gan ni?" In ce sun gani, sai ta rufe ido. Yanzu da zarar takwas ta yi, sai hannuna ya je wurin da kansa. Ban san har yanzu kuna gani ba, ku yafe mini tayar muku da hankali.

Ka cire. Ni dai ba na so in buɗe in tarar an riga an rufe mata.

Maigidanta.

*

Yallaɓai,

Barka da yau. Sau uku na buɗe wurin cirewa ina rufewa. Na roƙi Manaja, ya yarda.

Litinin ƙarfe takwas ka kunna kamar kullum. Dukanmu za mu tsaya a teburinta. Idan na kira ka na ce mun gan ta, sai ka kashe da hannunka.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙaninta, Injiniya.