Taubashina Yana Busa Mini Hayaƙi, Aska Kuwa Tana Hannuna

Malam, ka agaje ni kafin in yi abin da zai kai ni gaban alƙali. Ka yi haƙuri da rubutuna, aji biyu na yi a elementare malamin ya gaji da ni.

Ni wanzami ne a Ruma. Taubashina Armaya'u, ɗan kawuna, shi ya dawo daga Yaƙin Bama da sigari ya koya mini. Kwanan baya ina askin suna toka ta faɗo a kan jariri. 'Yata Zuwairatu, mai tsohon ciki, ta ce in dai ina sha, ba zan taɓa kan ɗanta ba. Sai na rantse na bari.

Tun ranar kaina kamar ana daka a ciki, barci ya ƙaura, tuwo sai na ci na mutum uku. Jiya har akuya na zaga don ta dube ni. Hannu kuma rawa yake, wanzami ke nan fa!

Shi ko Armaya'u, duk ranar kasuwar Batsari sai ya zauna a tabarmata, ya kunna, ya busa mini a hanci. In na ɓata rai a ce wasan taubasai ne. To na shirya. Ran da zai tafi ɗaurin aure garin Zakka, zan kwashe masa rabin gemu da gira ɗaya, in ce hannu ne ya yi rawa. Ya halatta?

Wanzami Mai Rawar Hannu, Ruma

AMSA

Malam Wanzami, Armaya'u bai kyauta ba, wasa ya wuce wasa. Amma ba ɗure ya yi maka ba, kai ka karɓa. Kuma in ka ce hannunka ne ya yi rawa, Zuwairatu za ta ji, ba kuwa za ta miƙa maka jaririnta ba.

Ciwon kai da fushin nan na barin taba ne, sukan lafa cikin 'yan makonni. Riƙa tauna asawaki, ka sha ruwa da yawa. Kada ka yi wa jariri aski sai hannu ya tsaya.

Ramuwa kuwa, ga ta: kafa doka, ba a kunna taba a tabarmarka. In ya zauna, wasa askarka a natse, ka gaishe shi, ka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Yi askin a hankali, har ka ga nasa hannun ya fara rawa.

Allah ya sauki Zuwairatu lafiya, ya sa kai za ka aske jikanka.