Uku da Ɗoriya

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya kunnen? Da a waya zan kira ka, amma ni da kai mun san yadda take ƙarewa: ina ihu, kana cewa "na'am?", maƙwabta suna shan labari. Shi ya sa na ba maigidan wannan takarda ya kawo maka.

An kwantar da ni a asibiti. Kada hankalinka ya tashi, ba ciwo nake ji ba. Likita ta ce saboda abin da ya faru har sau biyu a baya, wannan karon ba zan taka ƙasa ba sai in banɗaki za ni, har lokaci ya yi. An shiga wata na shida. Na lulluɓe keken ɗinki, na rufe shago.

Zaman ne ke neman kashe ni. Mu huɗu ne a ɗakin, da fanka ɗaya mai kuka. In hannuna ba ya aiki sai kaina ya kama nasa, kuma ba ya zuwa ko'ina sai wurin waɗancan biyun da ban samu na riƙe a hannu ba.

Jiya ina laluben jaka na ga tef ɗin awona ya biyo ni. Na auna faɗin bakin kofi, na auna kewayensa. Na yi wa murfin kula haka, na yi wa farantin magani. Kowanne kewayensa ya ninka faɗinsa sau uku da ɗoriya. Na san da haka tun ina koyon yankan siket mai buɗewa, amma ban taɓa tambayar ɗoriyar nan nawa ce ba. Sai na tuna da kai da takardunka, da yadda muke sulalewa ɗaya bayan ɗaya in ka fara bayani. Yanzu ba ni da inda zan gudu. Ka aiko min da shi.

Taka,
'yar rigimarka

*

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu takardarki, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Allah ya raba lafiya. Ki bi maganar likita, kada ki yi mata irin gardamar da kike yi min tun kina rarrafe a gidan nan.

Na ƙare aikina a gidan waya ina rarraba wasiƙun mutane, ga shi sai yanzu aka rubuto tawa.

Abin da kika tarar sunansa pai. A raba kewayen kowace da'ira da faɗinta, shi za a samu, ko bakin kofi ne ko bakin rijiya. Ga farkonsa: 3.14159265358. A makaranta an ce muku 22 bisa 7 ne. Ba shi ba ne, maƙwabcinsa ne. Ki raba ki gani, lamba biyu kawai suke tafiya tare bayan ɗigo, a ta uku su rabu.

Tun da na ajiye aiki nake neman lambobi biyu cikakku, marasa ɗigo, waɗanda in an raba ɗaya da ɗaya za su ba da shi cif. Ga hanyata. Uku bisa ɗaya ya gaza, 22 bisa 7 ya zarce. Ki haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ki samu 25 bisa 8. Ki raba. In ya gaza, ki ƙara masa 22 a sama da 7 a ƙasa, ki sake rabawa. Ki yi ta yi har ya zarce, sannan ki gaya min abin da kika gani.

Da hannu za ki yi. Ban yarda da waya ba. Na haɗo miki da fensir biyu da abin gogewa, don na san ki.

Ki gaida abokan kwanciya.

Kawunki

*

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Ka ɗaure min kai, kuma na gode.

Da farko na sha wuya, don rabon da in yi dogon rabawa tun ina sa kayan makaranta. Matar da ke gadon taga, wadda ke jiran 'yan biyu, ita ta tuna min inda ake sauko da sifili. Yanzu ita ce alƙali. Tana riƙe da takardarka, in na gama sai in karanta mata amsa, ta ce "ya gaza", in sake. Nas ta ce tunda take ba ta taɓa ganin masu ciki suna musu a kan ragowar bakwai ba.

Ranar Talata aka fita da matar gadon ƙofa a gurguje. Ba a dawo da ita ɗakinmu ba. Da muka tambaya nas ta ce ita tana lafiya, daga nan ta canza zanen gado. Ni dai na sunkuyar da kai na yi ta rabawa har na kai 333 bisa 106. Ya gaza, amma da ƙiris.

Na ƙara sau ɗaya, na samu 355 bisa 113. Kawu, ina saukowa ina karantawa, ɗaya, huɗu, ɗaya, biyar, tara, biyu, alƙali tana bin takarda da yatsa ba ta tsayar da ni ba. Lamba shida! Sai a ta bakwai suka rabu, kuma ya zarce. Na yi ƙara har nas ta shigo da gudu ta zaci naƙuda ce.

Ka kuma lura da wani abu? In ka fara da na ƙasa ka bi da na sama: ɗaya ɗaya, uku uku, biyar biyar. Kamar wanda aka jera da gangan. Ni na fara ganin wannan ko ka riga ni?

An yi min hoto jiya, an ce komai na zaune lafiya. Ɗan cikin yana ta shure-shure, musamman in na ɗora takarda a kansa.

'Yarka

*

Uwata,

Bayan gaisuwa. Na riga ki, wasu kuma sun riga ni tun zamanin da, amma wannan bai rage miki komai ba. Ranar da na iso wurin nan na fita tsakar gida na rasa wanda zan gaya wa, sai na gaya wa mai kawo ruwa. Ya ce Allah ya sanya alheri, ya sauke jarkokinsa ya tafi. Ke kin samu alƙali da nas.

Daga nan hanya tana da nisa. Na yi ta haɗawa har na kai 103993 bisa 33102, wanda ke tafiya da shi lamba tara. Kin ga kullum ana matsowa. Abin da ake matsowa kusa da shi haka, a ganina, dole wata rana a taɓa shi. Ina roƙon Allah ya nuna min lambobin nan biyu kafin a kira ni. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba.

Matar gadon ƙofa, Allah ya ba ta haƙuri ya musanya mata. Ke kuma ki ci abinci.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Na fara wannan takarda na yaga, na sake farawa.

Shekaranjiya likita ta zo zagaye ta tarar da gadona cike da takardu. Ta ɗauki ɗaya ta duba, ta yi murmushi, ta ce ita ma tana son lissafi kafin karatun likita ya ɗauke ta. Na gaya mata abin da muke nema. Sai ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce min masana sun daɗe da tabbatarwa cewa babu waɗannan lambobi biyun. Ba wai an nema an rasa ba ne, an nuna da hujja cewa ba za su taɓa samuwa ba. Na ce ai kullum muna matsowa. Ta ce, "Za ku yi ta matsowa har abada, amma ba za ku taɓa shi ba."

Alƙali ta ce in yi shiru, me zai sa in ɓata wa dattijo rai. Na so in bi shawararta. Amma kai ka raine ni, kuma ko ranar da Inna ta rasu ba ka ce min tafiya ta yi ba, ka zaunar da ni ka faɗa min. Ba zan iya ci gaba da aiko maka da amsoshi ina sane ba.

Wataƙila ita ce ta yi kuskure. Ka bincika.

Bayana na ɗan riƙewa tun safe, an ƙara min magani. Ka rubuto ko layi ɗaya ne, don Allah.

'Yarka

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi. Ni ne, surukinka. Na zo gida sau biyu ban same ka ba, shi ya sa na tura wannan ta ƙarƙashin ƙofa. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya fi sabawa da wayar lantarki.

Naƙuda ta taso mata ranar Asabar, lokaci bai yi ba. An yi mata aiki. An samu mace, bakwaini, tana da rai. An sa ta a kwalba, da roba a hanci. Ƙafarta ba ta fi babban yatsana ba. Likita ta ce a yi ta addu'a, amma ta ce yarinyar tana da ƙarfin hali.

Maijego tana samun sauƙi, sai dai ba ta cin abinci sosai. In an tura ta a keke ta ga yarinyar ta dawo, sai ta juya fuska bango. Takardun ma ta ce in kwashe. Da ta farfaɗo, bayan ta tambayi yarinyar, kai ta tambaya, ko ka aiko da amsa. Tana ganin ta ɓata maka rai. Ban san me ke tsakaninku ba, amma ina roƙon ka rubuto mata.

Na gode.
Surukinka

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka. Na tsinci takardar mijinki na zauna a dokin ƙofa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Allah ya raya ta, ya ƙara miki lafiya.

Kin tambayi ko kin ɓata min rai. Raina ya ɓaci, amma ba ke kika ɓata shi ba. Na yi fushi da likitarki, na ce ta tsaya a kan allurarta. Da fushin ya ƙi sauka na sa hula na tafi sakandaren da ke bayan tasha, na ce a haɗa ni da malamin lissafi. Can nake yini, shi ya sa mijinki bai same ni ba. Mutumin kirki ne. Da ya ga ba na ji sai ya koma rubuta min a allo, ni ma in ba shi amsa da alli. Ban fahimci ko rabin hujjar ba, amma na fahimci isasshe. Likitarki ta yi gaskiya.

Na dawo gida na dubi tarin takarduna, na ce to, tsoho, ka sha wahalar banza. Na kwana biyu a haka. Sai na tambayi kaina ko akwai yinin da na zauna a kansu na tashi ina da-na-sani. Ban samu ko ɗaya ba. Kuma da can ina tsoron wani ya riga ni, yanzu na san ba mai riga na.

Malamin bai taɓa gwada hanyar haɗa sama da sama a aji ba. Ya ce in zo ranar Laraba in nuna wa ɗalibansa. Na ba da babbar rigata a goge.

Kin yi daidai da kika faɗa min. Yanzu ki juyo da fuskarki daga bango, ki ci abin da aka kawo miki, yarinya na jiran nono. Ki tambayar min ranar da ake barin tsofaffi su leƙa.

Kawunki

*

Kawu,

Sallama. Na ci abinci, maigidan shaida ne.

An cire mata robar hanci, tana numfashi da kanta. Jiya aka ɗora min ita a ƙirji, ta kama yatsana ta ƙi saki. Likita ta ƙi faɗin ranar sallama, ni ma na daina tambaya.

Duk mako nas tana zagaya kanta da tef. Wancan makon santimita ashirin da tara, yau talatin. Na karɓi biro na fara rabawa don in san faɗin, sai nas ta ce in daina wahala, kan nan ba da'ira ba ne. Na duba da kyau, gaskiyarta. Ƙeyarka ce sak.

Ana barin shiga da la'asar. Ka zo ranar Laraba in ka tashi daga ajinka, da babbar rigar, ta fara ganinka a malami.

'Yarka