Ruwan Nan Bai San Mu Ba, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Umaru mai taru, na Yawuri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mana, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci, 'yarka Hajara ce daga Dubai. Na san ba a kai wa mamaci ƙara, amma yau sai ka yi haƙuri, Baba, don ƙarar ɗanka Hamisu na kawo, kuma da hannunka a ciki. Masu karantawa su ma su yi haƙuri, maganar gida ce ta fi ƙarfin cikina.

Ka bar shi yana tuƙa kwale-kwale a kogin Kwara. To, yanzu yana nan tare da mu. Maigidana ne ya yi masa hanya, ya samu aiki a wani ƙaramin jirgi mai kai abinci da ruwan sha ga manyan jiragen da ke tsaye can cikin teku. Shi ne mai igiya: in za a tashi shi ke kwancewa, in an dawo shi ke tsallakawa ya ɗaure. Ranar hutunsa yakan zo wurina a unguwar Abu Hail, ya cinye tuwon da na tuƙa wa 'yan kasuwa, ya kuma ce miyar ba ta kai ta Inna ba.

Kowane ma'aikacin jirgin an ba shi rigar ceto, mai launin ruwan lemo, wadda ke hana mutum nutsewa. Kowa yana sa tasa, har kyaftin. Ta ɗanka kuwa matashin kai ce. In kyaftin yana kallo sai ya rataya ta a kafaɗa ɗaya kamar mai zuwa Idi, da an juya baya ya cire. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da maigidana. Sai ya daki damtsensa, inda ya ɗaura tsohuwar layarka, ya maimaita mini maganarka: "Ruwa ya san mu."

Kai ka faɗa, Baba, ba zan yi musu ba. Ina zaune a kan kifaffen jirgi ina fere kifi lokacin da ka faɗa masa, yana ɗan mitsitsi yana kukan tsoron shiga ruwa. Amma ni ina da ido. Ranar da ka faɗa ɗin, gora ka ɗaura masa a ƙirji da igiya kafin ka sake shi. Ni ma haka ka yi mini.

Kuma ban manta yadda kake yi in hadari ya haɗo ba. Sai ka shaƙi iska, ka dubi gabas, ka ja jirginka tudu ka koma gyaran taru, ko da kuwa gidan babu cefane. Abokanka su yi ta tsiya, ba ka ko ɗaga kai. Hamisu ya ɗauki maganar bakinka ya riƙe gam, abin da hannunka ya yi kuwa ya bar shi a Yawuri.

Bari in ba ka labarin iskar nan, don ba ka san irinta ba. In zafi ya fara sauka a ƙarshen shekara sai ta taso, Larabawa suna ce mata shamal. Ba ta zuwa da hadari balle mutum ya gani ya shirya. Gari garau, rana tana haske, sai ka ji ƙofofi suna bugawa, shanya ta bar baranda, teku ya koma fari fat da kumfa. Hukuma takan yi gargaɗi a waya, Hamisu kuwa ya karanta ya yi dariya.

Ran Talatar da ta wuce ta same su a hanyar dawowa. Na kira wayarsa har na gaji, sai na yafa mayafi na tafi tashar jirgin, ko murhu ban tuna na kashe ba sai a mota.

Abin da na tarar a bakin ruwan ba kyan gani. Rumfunan gidajen abinci sun yage suna kaɗawa, kujerunsu suna yawo a ruwa. Wani babban gilashin shago ya tarwatse a ƙasa, mai shagon yana tsaye riƙe da kai. Gadar katakon da ake takawa a shiga ƙananan jirage ta karye a tsakiya, jiragen kuma sai gwara kai suke yi da juna kamar raguna. Masu gadi suka hana mu matsawa, muka tsaya bayan ƙarfe, ruwan gishiri yana marinmu.

Can sai ga jirginsu yana tangaɗi. Kowa a ciki ruwan lemo, ban da mutum ɗaya a gaba, daga shi sai singileti da igiya a hannu. Ba sai an gaya mini ɗan wa ne ba.

Ya yi tsalle zai haye kan dakalin siminti, igiyar ruwa ta janye jirgin baya, ya faɗa tsakani. Baba, tsakanin jirgi da bango.  Wani dattijo Ba'indiye, abokin aikinsa, shi ya kwanta rub da ciki ya miƙa sanda mai ƙugiya yana lalube. Ba rigar ceto a jikin Hamisu balle a samu abin kamawa, sai a wandonsa ƙugiyar ta maƙale. Suka jawo shi kamar kifin ragon ruwa, kafin jirgin ya dawo ya daki bangon daidai inda kansa yake.

Ka san abin da ɗanka ya yi? Yana amayar da ruwa, kafaɗa a goce, ya hango ni, ya nuna mini damtsensa yana murmushi. Dattijon da ya cece shi yana gefe, Hamisu ko kallonsa bai yi ba sai da na daka masa tsawa. Wallahi da ba a gaban mutane ba ne, da na ƙarasa ɗaya kafaɗar.

Ruwan nan bai san mu ba, Baba. Bai san Yawuri ba, bai san Sarkawa masunta ba, bai taɓa jin sunanka ba. Ko kifi ɗaya na Kwara ba zai kwana a cikinsa da rai ba. Kuma akwai abin da ba ka sani ba: matarsa Zulai ta haihu bayan tahowarsa, namiji, an sa masa sunanka. Yaron ya fara tafiya, bai san ubansa ba sai a waya. Ni ce zan kira Zulai in wani abu ya faru, ni kuwa ba ni da bakin faɗar wannan.

A wurina ya yi jinya. Da zai shiga wanka ya kwance layar ya ajiye a kan taga, ni kuma na riga na sa an kawo mini rigar cetonsa daga jirgi. Na ɗauko babbar allura da zaren taru, na ɗinke layar a cikin wuyan rigar, ɗinki kan ɗinki, irin wanda ka koya mini. Na bi ta gefen fatar, ta yadda duk wanda ya ce zai farke sai ya yanka layar. Ban san abin da ke cikinta ba, ban kuma buɗe ba. In na yi maka ɓarna a kayanka, ka yafe mini.

Ya yi fushi ƙwarai. Ya ce na raina gadon gidanmu, ya ƙi cin tuwona, ya kwashi kayansa ya tafi ba sallama.

Yau da safe suka koma aiki, iskar ba ta gama kwantawa ba. Na je na tsaya bayan ƙarfen nan. Na hango shi a gaban jirgi da igiya a hannu, cikin rigar nan mai ruwan lemo, ya ɗaure ta har wuya. Ya gan ni sarai, ya kau da kai, bai ɗaga mini hannu ba. Ya yi ta fushinsa har shekara, ni dai na ɗaura masa gorarsa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Allah Ya tsare duk wanda ke kan ruwa a wannan iska, Ya saka wa dattijon nan da alheri, Ya mayar da Hamisu gida da ƙafafunsa ya ɗauki mai sunanka. Ya kuma ƙara masa hankali, ko kaɗan ne.

'Yarka mai kewarka,
Hajara