Kalmar da Na Matsa Masa Ya Faɗa

Kebbe, Jimada Awwal, 1369

Zuwa ga mahaifina Malam Shaihu, a Tambuwal.

Gaisuwa mai yawa da ladabi da neman albarka. Ina fatan kana lafiya, kai da Goggo da ƙannena duka, kuma ƙafar nan taka ta yi sauƙi. Ta'aziyyarka ta jikarka Ummu ta iso ta hannun Dogo mai jakai. Allah ya saka da alheri.

Bayan haka, Baba, ba zancen Ummu ya sa na ɗauki alƙalami ba, ita kam ta huta. Zancen ubanta ne, ɗalibinka, wanda ka ba ni da hannunka. Ka san tun da sanƙarau ya shigo Kebbe shi kaɗai ne malamin asibiti a nan, shi ke raba magani, shi ke rubuta wanda ya tashi da wanda ya tafi. Likita Bature da ya zo rangadi ya bar masa wani madubi mai ƙafa, in ka leƙa sai ka ga abin da ido bai iya gani. A cikinsa ya ga ƙwayar ciwon da ya ɗauke mana Ummu, har ni ya nuna mini. Wallahi Baba wasu ɗige-ɗige ne bibbiyu, ko ƙwan kwarkwata ya fi su girma.

Tun daga ranar, in ladan ya kira salla sai ya yi alwala ya hau buzu ya yi ta zama, ba ya ta da kabbara. Ya ce shi bai musa komai ba. Wai aikinsu ya koya masa kada ya shaidi abin da bai gani ba ko bai auna ba. To ya ga abin da ya kashe ɗiyarsa, saura ilimin ya nuna masa Wanda ya aiko shi. Innalillahi! Ka san bakina, ba abin da ban faɗa masa ba. Na yi kuka, na yi gaba da shi kwana fuɗu, ko gezau.

Ban gaya wa kowa ba, ko Goggo kada ta ji. Kai ka karantar da shi, don Allah ka aiko masa da hujjar da za ta shige shi. Ina tsoron ya mutu a haka, ga shi kullum hannunsa cikin masu ciwo.

A gaishe mini da mutanen gida.

Ɗiyarka, Hadijatu.

Kebbe, Jimada Ahir

Baba, gaisuwa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya zafin bana a wajenku?

Takardarka ta zo. A bakin gari Dogo ya miƙa ta ga dogari, don yanzu an hana shiga da fita saboda ciwon. Ɗalibinka ya karɓa da hannu biyu, ya karanta sau uku. Inda ka ce wanda ya ga rumbu a tsaye ya san akwai magininsa, ya ce Malam ya yi gaskiya, madubin ma ƙara nuna haka yake, don ko ɗigon jini ka leƙa za ka ga tsarin da ya fi ƙarfin hankali. Na ji sanyi, na ce to alhamdu lillahi, tashi ka yi salla.

Bai tashi ba. Ya ce tsari ya gani, amma tsari bai gaya masa ko Mai tsarin ya san sunan Ummu ba. Na ce masa haba, Ubangiji majinyaci ne da za ka ɗora a ma'auni? Ya ce ai ciwonsa ke nan, madubi bai ce akwai ba, bai ce babu ba, shi kuma ya manta yadda ake yarda ba da madubi ba. Sai ya fashe da kuka. Shekara tara muna tare ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da anka fita da Ummu.

Baba, jiya ya dawo da ciwon kai, yau wuyansa ya ƙi sunkuyawa. Na san ba za a bar ka ka shigo ba. Ka yi mana addu'a, ni dabarata ta ƙare.

Ɗiyarka, Hadijatu.

Kebbe, 3 ga Rajab

Zuwa ga Baba, bayan gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya.

Allah ya yi wa ɗalibinka cikawa jiya bayan azahar, an kai shi kafin la'asar.

Akwai abin da zan faɗa maka, kai kaɗai. Kai ka koya mini cewa ba a ce wa mai gargara ka faɗi kalmar shahada. A gefensa ake faɗinta a hankali har ya kama da kansa, don kada zafin ciwo ya sa ya ƙi. Na sani sarai, haka na yi wa Ummu. Shi ma tun hantsi nake zaune kusa da kunnensa ina faɗinta, idonsa a buɗe yana kallona, bakinsa shiru. Da na ji numfashinsa ya sauya sai tsoro ya kwashe ni. Na kama kafaɗunsa na girgiza, na ɗaga masa murya, na ce ya faɗa, ya faɗa yanzu, don Allah ya faɗa. Baba, sai kansa ya juya wajen bango. Daga nan bai sake numfashi ba.

Liman ya aiko a tambaye ni yadda ya cika. Na ce kalma na cikin kunnensa har ya tafi, kuma ban yi ƙarya ba. Mata sunka yi ta cewa ya dace.

Na san wanga ciwo yana murɗe wuya, na gani ga mutane da yawa. Amma shi sai da na matsa masa sannan ya juya. Da na yi haƙuri kamar yadda ka koya mini, wataƙila da ya kama ta da kansa. Ko ciwon ne ya juya shi, ko ƙi ya yi, ban sani ba, Baba, wallahi ban sani ba. Mutum ɗaya ne duk Kebbe da zai duba ya bambance mini, shi ne kuwa anka rufe jiya.

Ka roƙa masa gafara, ka roƙa mini. A gaida Goggo.

Ɗiyarka, Hadijatu.