Sarƙar Kekena

Zuwa ga Gwaggona Zahra, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ya ɗauke miki ciwon gwiwar nan, ya ƙara miki nisan kwana. Mu nan Gadarif alhamdu lillahi. Inna Fatsuma tana nan da faɗanta, wanda shi ne shaidar lafiyarta. Yayana Munir ya tafi Gedambaliya aikin cire ciyawa a gonakin dawa, matarsa Salwa kuma ita za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki. Ban kira ki ta waya ba domin kin san gidanmu, zana ce ta raba ɗaki da ɗaki, in na yi tari Baba yana ji.

Gwaggo, maganar kekena ce. Ba ki manta shekarar da na cika tara ba, lokacin da sikila ta cinye mini ƙashin ƙugu aka sayo mini keken hannu. Ruwa ya tare ni a hanyar makaranta, laka ta riƙe ƙafafun keken, na jiƙe jagab, sanyi ya tayar da ciwon, na yi kwana ashirin a asibiti. Tun daga ranar, da hadari ya fara haɗuwa sai Baba ya ɗauko sifana ya kwance sarƙar keken ya ɓoye, ba ya mayar da ita sai an fara yankan riɗi. An canza keke sau biyu, al'adar ba ta canza ba. Damina goma sha bakwai ke nan ina zaune a bakin ɗaki ina kallon kaji. Na san ƙauna ce, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. To amma ni ce aka sara, kuma na gaji da gudun.

Watan jiya Salwa ta kai ni asibiti karɓar magani a keken jakin maƙwabta. Muna jira na ga wata mata daga Ƙala'at an-Nahal da 'yarta mai shekara biyar, ita ma mai sikila, hannuwan yarinyar sun kumbura tana ta tsuwa. Matar ta ce mini in sun koma gida za ta kai ta a ƙona mata gaɓoɓi da ƙarfe, haka surukarta ta ce. Ban san lokacin da na ɗaga mayafina na nuna mata tabon da ke hannuwana ba. Na ce mata sau shida aka yi mini, ciwon bai ko gaisa da wutar ba. Na gaya mata abin da ya riƙe ni: ruwan sha da yawa, ɗumi, magani kullum, da zuwa asibiti tun zazzaɓi bai yi nisa ba. Ta tambaye ni shekaruna, na ce ashirin da shida. Sai ta fashe da kuka, wai an gaya mata irinmu ba ma kai ashirin.

Ashe likitar, Daktora Ruaa, tana kallonmu ta taga, ko da yake ba ta jin Hausa. Ta kira ni ta ce Hausawanmu iyayen yara masu sikila suna gyaɗa mata kai ne kawai su tafi su yi abin da suka ga dama. Tana neman mai zama da su ranar Asabar da Talata, mai yarensu kuma mai ciwonsu. Ta ce in fara Asabar ta sama. In ban zo ba za ta ɗauki wata, don yara sun fi kwanciya da damina, ba za su jira kaka ba.

Na gaya wa Baba da murnata. Ya ce sai ruwa ya ɗauke. Na ce masa yanzu an zuba tsakuwa daga ƙofarmu har titi, ga rigar ruwa Munir ya saya mini, kuma jakin maƙwabta ba zai samu sau biyu a mako ba ana tsakiyar aikin gona. Ya ce shi ne ya ɗauke ni a kafaɗa waccan ranar, jikina kamar ƙanƙara, ba zai sake ba. Ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Tun ranar na kasa zama na kasa kwanciya, na warware ɗinki ɗaya sau uku, ko shayi ba ya yi mini daɗi. Haushi nake ji, ga kuma tausayinsa.

Ke ce babbar yayarsa, bai taɓa tsallake maganarki ba. Ki kira shi kafin Juma'a, don Allah. Kada ki yi masa faɗa. Ki ce masa ban yi alkawarin ba zan kwanta ciwo ba, don ina kwanciya ko a bakin ɗakin. Zan kuma gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: sarƙar tana cikin tsohon buhun riɗi a ƙarƙashin gadonsa, naɗe da tsumma mai mai. Tun ina shekara goma na sani, hannuna yana kaiwa, kuma na iya ɗaura ta. Ban taɓa ɗauka ba. So nake ya miƙo mini da hannunsa.

Ki gaishe da Baba Hamisu, da Elfatih da amaryarsa, da Amani mai dariya. Inna tana gaishe ki, ba ta san abin da na rubuta ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki mai jira,
Ummusalama Gado