Ɗan Kunnen da Na Binne

Gaya, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Nasiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatun lantarki yana shiga, kuma zafin Yamai bai dafa miki ƙwaƙwalwa ba. Mu nan lafiya lau. Innarki lafiya, akuyarta ma lafiya, har ta fi kowa. Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Innarki tana jin maganar tarho ko da tana daka a gidan maƙwabta, shi ya sa na koma ga alƙalami, ni da na bar lakwal, wato makaranta, tun aji huɗu. Inda kika ga harafi ya karkace, ki tallabe shi.

Nasiba, na binne ɗan kunnenki. Guda ɗaya cikin biyun nan na zinariya da kakarki Ramatu ta bar miki, waɗanda innarki ke ɓoyo a ƙasan akwati sai ranar da kika gama karatu. Da hannuna na binne shi, ina cikin hankalina, kuma har yau ban sake ganinsa ba.

Ga yadda aka yi. Samarin da suka dawo daga haƙar zinariya a Jado sun shirya gasa a filin bayan tashar manyan motoci. Za su binne 'yan ƙarafa masu lamba, suna ce musu jeto, kowa ya shigo da injin nan mai gano ƙarfe a ƙasa, wanda suke kira apare. Wanda ya fi tono jeto kafin a busa usur, shi ke da injin ban ruwa sabo fil. Kin san shekara nawa nake kallon gonar shinkafarmu tana ƙishi a bakin kogi. Na sa sunana. Ban tsaya nan ba, na faɗa a fada, majalisarmu ta hira, gaban kowa, cewa a fara share wa injin wuri a gidana. Jibo, Bazabarmen nan mai garkar albasa, abokin wasanmu mu Gobirawa, ya ce tunda aka halicci Bagobiri bai taɓa gano komai ba sai ƙwaryar fura.

Na tsallaka gada zuwa Malanbil wurin Yahaya mai ba da hayar apare. Na zaɓi mafi girma, mai faifai kamar tiren mai shayi, don a ganina abin da ya fi nauyi shi ya fi gaskiya. Yahaya ya ce wannan yana jin zinariya ko da ƙwayar gero ce, ya ba ni in gwada wuni guda. To, ina zinariya a gidan mai facin taya? Na jira innarki ta tafi suna, na ɗauko guda, na tura shi cikin yashi ƙarƙashin dogon yaro, na kafa kara don shaida. Sai ga kira, tayar wani kamyo, babbar motar kaya, ta fashe a bakin duwan, wurin 'yan kwastan. Da na dawo, akuya ta cinye karan.

Na kunna apare, ya ɗauki kuka tun daga zaure har bayan ɗaki. Ashe duk ƙusoshin da na zare daga tayoyin motocin Kwatano tun kina goye, waɗanda nake zazzagewa daga aljihu in na dawo, suna nan kwance suna jirana.

Ga takardun bayanin apare biyu na Yahaya na haɗo miki, da Faransanci suke. Na karanta hotunan. Ki duba ki gaya mini wanda zan ɗauka, babban ko ƙaramin. Ki ba direban da ya kawo wannan takarda amsarki, ya kai mini tasha, kada ya bi ta gida.

Ki ci abinci sosai. Naki,
Babanki Yusha'u


Gaya, ranar Asabar

Zuwa ga 'yata Nasiba,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan murar da kika ce tana damunki ta sake ki. Amsarki ta zo. Na daɗe ina juya ta kafin in buɗe, ina tsammanin faɗa. Sai na tarar kin fara da tambayar ciwon bayana. Wannan ya fi faɗan zafi, ki sani.

Na bi maganarki. Kin ce babban na jeji ne, inda abu ke da zurfi kuma mutum ke da wuni guda na yawo, amma a gasa jeto suna kusa da sama, suna kusa da juna, abin da ake so shi ne mara nauyi mai saurin amsawa, wanda za a iya hana shi kula baƙin ƙarfe. Na mayar da babban, kafaɗata ta yi miki godiya. Yahaya ya ba ni ƙaramin har zuwa magaribar ranar gasa kawai, don wani mai tafiya arewa ya riga ya saye shi.

Sai dai ɗaya maganar taki ce ta kashe ni. Kin ce in na toshe masa kunne daga tarkace, zai iya toshewa har daga ƙaramar zinariya, don muryarsu tana kusa, saboda haka a gida in buɗe shi duka, in tona duk inda ya yi kuka. Nasiba, duk inda ya yi kuka kika ce, ke da ke zaune a Yamai.

Na gaya wa innarki horo nake yi don gasa. Tsakar gidanmu yanzu kamar an yi yaƙi da gafiya. Na tono ƙusoshi sun cika tasa. Na tono marfin kwalba, ƙugiyar kamun kifi, cokalinki ƙarami mai lanƙwasasshen wuya wanda kika yi kwanaki kina kukan ɓatansa, da rabin rediyona da innarki ta rantse tsoffin kaya ta sayar wa. Kaji suna bina a baya kamar na zama sarkinsu. Shekaranjiya liman ya shigo gaisuwa, ƙafarsa ta faɗa rami, ya fita yana yi mini addu'ar da ban roƙa ba.

Innarki kuwa harkarta kawai take yi. Tana tsallake ramuka da ƙwarya a ka, ta ajiye mini tuwo, ta ce sannu da horo. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Jiya na ga ta buɗe akwatin tana neman zane. Ta rufe, ta fita, ba ta dube ni ba.

Ina yawan tuna kakarki kwanakin nan. Lokacin da na zo neman innarki ba ni da komai sai famfon taya, dangi duk suka ƙi, ita kaɗai ta ce a bar yaron, mai sa mutane dariya ba ya barin mace da baƙin ciki. Ranar da ta cire 'yan kunnen nan a gadon asibiti, a tafin hannuna ta sa su in miƙa wa innarki. Yau ga abin da mai ban dariyan ya yi.

Gasa ranar Lahadi mai zuwa ce. Kunnena ya fara gane muryar apare, har ina bambanta ƙusa da marfi kafin in tona. In ba a samu ɗan kunne ba, wataƙila a samu injin. Na san ba ɗaya ba ne.

Ki yi mini addu'a. Naki,
Babanki Yusha'u


Gaya, ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Nasiba,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Innarki tana gaishe ki, kuma ta ce in daina wahalar da direba, ta san da takardun nan tun ta farko.

Ranar Lahadi da safe na sa rigar Sallah, na rataya apare, na zuba masa sababbin pil, wato batir. Innarki tana shara. Ba ta ɗago ba ta ce, "Washegarin sunan nan na kwashe yashin gindin dogon yaro da kashin akuya na kai juji, amalanken Jibo ya kwashe jujin ya kai garka. In da ni ke neman ƙaramin abu, can zan fara. Ya riga ya dasa albasa a kai."

Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun ranar da ta ga akwatinta an ninke zane irin ninkin maza. Sai a daren jajibirin gasar ne kawai ta tuna da jujin.

Apare yana hannuna zuwa magariba kawai. Gasa tana cin wuni, garkar Jibo kuma tana can gefen kogi. Na tsaya a ƙofar gida kamar jakin da aka ɗaure tsakanin dami biyu. Ba zan ɓoye miki ba, ƙafata ta fara nufar tasha. Na kai har inda nake jin lasifika tana kiran sunana, ana cewa ina mai injin, mutane suna dariya. Na ja hula, na tare kabu-kabu, na ce garka.

Jibo ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya zauna a ƙasa don dariya ta hana shi tsayuwa. Ya ce ga fangalai nan, in tona, amma duk albasar da na tumɓuke ni zan sake dasawa, kuma ni zan yi wa garkar ban ruwa safe da yamma har a cire albasa. Na ce na yarda. Ya ce in maimaita gaban ma'aikatansa, in haɗa da cewa Bagobiri bawan Bazabarme ne. Na maimaita. Kakannina su yafe mini.

Ƙusoshina sun riga ni zuwa can, su ma amalanke ya kawo su. Na yi ta tona har rigar Sallah ta koma launin taɓo. Bayan la'asar, a fangali na uku, apare ya yi wata 'yar murya siririya, wadda da ban sha wuyar tsakar gida ba da na wuce ta. Na kai hauya da zumuɗi, na ji ƙas. Shi ne. Na wanke shi da ruwan rijiya, Jibo ma ya bar dariya ya ce alhamdu lillahi.

Sai dai hauyar ta taɓa shi. Maƙerin zinariya ya miƙe shi, amma akwai ɗan tabo a gefe wanda ya ce ba zai fita ba. In an tambaye ki, ki ce sa hannun babanki ne, tunda na takarda bai iya ba.

Wani Aliyu daga Yelu ne ya ci injin, da babban aparen da na mayar. Kada ki ji komai, an ce saurayi ne mai kafaɗa. A fada yanzu in na iso sai su matsa, su ce a share wa injin wuri. Gonar shinkafa za ta ƙara haƙuri bana.

Innarki ta karɓi ɗan kunnen, ta dube shi a rana, ta haɗa shi da ɗan'uwansa, ta sa wa akwatin kwaɗo, makullin yana wuyanta. Sannan ta zuba mini ruwan zafi na wanka, ta shafa mini man zafi a baya, ta ce ramukan tsakar gida suna jirana.

Zan tsaya nan, rana ta yi sanyi, kuma ubangidana ba ya son latti. Yana da injin ban ruwa a garkar, amma ya ce ya huta tunda Allah ya ba shi Bagobiri. Gwangwani biyu nake ɗauka, shi yana zaune a inuwa yana nuna mini fangali da sanda. Albasar kuwa ko kai ba ta fara yi ba. In kin zo hutu kada ki neme ni a tasha da safe, ki biyo hanyar kogi. Ki roƙi innarki ta ara miki su na wuni guda, ki zo da su a kunnenki, in ɗago daga bakin rijiya in ga abin da nake yi wa bauta.

Allah ya yi miki albarka. Naki har kullum,
Babanki Yusha'u,
mai ban ruwan Jibo